Hoton Hajiya Azumi Ido Buɗe

Shekara bakwai Humaira ta yi tana ɗaukar hoton biki da kyamara ɗaya. Aikinta na cikin gida ne, wajen mata: sa lalle, kamu, walima, suna, duk inda ba a son namiji ya ratso da kyamara a wuya. Daga Gwallameji inda take aure har cikin tsohon gari an san ta, kuma abin da ya sa ake nemanta shi ne ba ta taɓa sakin hoton kowa a waya ba sai da izini.

Kyamarar ce ta fara gajiya. Robar jikinta ta saɓule, murfin batir sai an naɗe shi da salatif. Duk wannan bai dame ta ba, har sai ranar wani kamu a farkon damina. Gwaggon ango ta fesa wa amarya turare, amarya ta ɗago kai tana murmushi, Humaira ta danna, kyamara ta yi gum. Ta sake dannawa. Kafin abin ya farfaɗo, amarya ta sunkuyar da kai, ƙawaye sun ja mayafi. Ba wanda ya lura. Ita ce dai ta dawo gida ta ajiye jakar a kan kujera, ta ce wa mijinta, "Abban Ummi, wannan ta gama nata."

Nasiruddeen ma'aikacin gwamnati ne, kuma hoton da ya iya bai wuce na waya ba, shi ma rabin kan mutum yake yankewa. Amma daga ranar ya ɗauki maganar kamar shi zai yi aikin. Mako biyu ya yi yana kallon bidiyon masu gwada kyamarori, a ofis in aiki ya lafa, a kan tabarma in ana cin abinci. Ya samo takarda ya cika ta da sunaye da lambobi.

"Na gama bincike," ya ce mata wata Juma'a. "Akwai wata sabuwar fita, da dogon gilashi take zuwa. Kina tsaye a bakin ƙofa za ki jawo ɗan kunnen amarya har gabanki."

"Me zan yi da ɗan kunnen amarya daga bakin ƙofa? Ai kusa da ita nake zama."

"Ci gaba ake magana, Humaira."

Ta yi dariya, ta karɓi takardar ta ninke ta sa a jaka. Ta san hidimar da ya yi don ita ya yi.

Washegari Asabar suka je shagon Malam Ja'afaru kusa da kasuwar Wunti. Dattijo ne da ya yi aikin hoto tun zamanin wankin fim, yanzu kuma sayar da kyamara da gyara yake yi. Shi ya koya wa Humaira riƙe kyamara tun tana budurwa, don abokin mahaifinta ne. Ya saurari Nasiruddeen tsaf har ya karance takardarsa, bai katse shi ba. Sannan ya buɗe kabad ya fito da kyamara biyu ya ajiye a kan tebur.

Ta farko ita ce ta cikin takardar, sabuwa fil, da gilashi mai tsawon damtse wanda ake murɗawa ya jawo nesa kusa. Ta biyun ta hannu ce, an ɗan yi amfani da ita amma tsaf take, a gabanta kuma wani ɗan gajeren gilashi da bai wuce kofin shayi ba. Abin da Humaira ta tara zai kai ɗaya daga ciki, ba duka biyun ba.

"Baba, wannan ƙaramin nawa yake jawowa?" Nasiruddeen ya tambaya.

"Ba ya jawo komai. In tana son kusa, ƙafarta za ta kai ta."

"To ina amfaninsa?"

Malam Ja'afaru ya kwance gilasan biyu, ya miƙa masa ya ce ya ɗaga su ga hasken ƙofa ya leƙa. "Dogon nan kamar rijiya yake, kafin haske ya kai ƙasa ya ragu. Gajeren kuwa taga ce a buɗe. A fili da rana, dogon ya fi. A cikin ɗaki kuma wata magana ce." Ya juya ga Humaira. "Ni ba zan zaɓar miki ba. Ki tafi da su duka, ki je inda tsohuwar kyamararki ta fi ba ki kunya ki gwada. Litinin ki dawo min da ɗaya."

Humaira ba ta yi dogon tunani ba. Ta ce wa mijinta ya sauke ta a Ƙofar Wambai, ya dawo ɗaukarta bayan la'asar.

A can kakarta take, Hajiya Azumi, mahaifiyar babanta, a ɗakin da ta shiga tun tana amarya. Ɗakin ƙasa ne mai kaurin bango, an yi masa shafen siminti daga baya, tagarsa ɗaya ce 'yar ƙarama can sama. Ko da tsakar rana sai mutum ya ɗan tsaya kafin idonsa ya saba. A nan tsohuwar kyamarar Humaira ba ta ganin komai sai da filasha, ita kuwa Hajiya tun da aka yi mata aikin yanar ido ba ta jure hasken filasha. Duk hoton da aka yi mata, ko ta runtse ido ko ta kare fuska da hannu. Na ƙarshe shi ne na sunan Ummi, 'yar Humaira. Da aka kawo mata ta duba, ta ce, "Wannan ai kamar an tashe ni daga barci za a kai ni kotu." Daga ranar ta hana. Shekara shida kenan ba ta da hoto.

Humaira ta yi sallama ta tarar da ita zaune a bakin gado, faranti a cinya, tana tsince shinkafar masa. Kusa da ita a kan kujera 'yar tsugunno akwai Mama Liatu, ƙawarta ta shekara hamsin da ɗoriya. Ungozoma ce ta asibiti da ta yi ritaya, ita ta karɓi haihuwar duk 'ya'yan Hajiya, kuma duk Asabar sai ta hau keke ta zo su yi hira.

Bayan gaisuwa, Hajiya ta dubi jakunkunan biyu ta gefen ido.

"Na ga kin ƙaro makamai. In don ni ne, ki mayar."

"Gwaji kawai zan yi, Hajiya. Ɗakinki nake so, ba ke ba."

"Ɗakin nawa ma bai ce yana so ba."

"Bar shi ya ɗauka ni," in ji Mama Liatu, da irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji. Ta gyara ɗaurin ɗankwali ta miƙe wuya. "Ni ba na tsoron hoto. Azumi ne kullum yana gudu kamar ya yi sata."

Humaira ta fara da sabuwar. Ta ji daɗinta a hannu, komai nata sumul. Ta saita ta a kan Mama Liatu, gilashin ya yi ta kai da kawo yana neman fuska kafin ya kama. Da ta duba bayan kyamarar, hoton ya fito, ba laifi, ya fi na tsohuwar nesa ba kusa ba. Amma fuskar ta yi dishi-dishi kamar an barbaɗa mata gero, hannun da Mama Liatu ta motsa kuma ya zama hayaƙi. Ta sake gwadawa sau uku, ta ƙara wannan ta rage wancan. Haka dai.

Ta ɗauko ta biyun. Ba nauyi. Ta kai ido, ta ga Mama Liatu ta yi mata nisa, hannunta ya tafi neman abin murɗawa bai samu ba. Sai ta ja gwiwa ta matso har ta kusa taɓa farantin shinkafa, ta danna.

Ta daɗe tana kallon abin da ya fito. Hasken 'yar tagar nan ya sauko a gefen fuskar Mama Liatu, ga tsagen kumatunta, ga furfura biyu da suka leƙo ta ƙasan ɗankwali. Kwanukan jeren da ke bayanta sun narke sun zama launi kawai.

Mama Liatu ta karɓa ta riƙe da nisa, ta matso da shi, ta ce, "Yarinyan nan ya iya aiki. Azumi, duba ni."

Hajiya ba ta ɗago ba. "Yaushe aka ɗauka? Ni ban ga walƙiya ba."

"Babu walƙiya, Hajiya."

"Ban ji ƙara ba kuma."

"Wannan ba ta da ƙara sosai."

Hajiya ta ci gaba da tsintarta. Can ta miƙo hannu, aka sa mata kyamarar. Ta duba, ta dubi ƙawarta, ta sake duba hoton.

"Ta yi miki gyara, Liatu. Ba haka kike ba."

"Haka nake. Kishi ne."

Humaira ta koma gefe tana ɗaukar wasu abubuwan: buta, carbi a jikin ƙusa, ƙafar gado. Ba ta sake roƙo ba, ta san halin kakarta. Sai da aka gama tsintar shinkafa aka kai wa matar baffan Humaira ta jiƙa, sannan Hajiya ta kakkaɓe zani ta ce, kamar da bango take magana, "Guda ɗaya. In na ga haske ya tashi, ke da ɗakin nan sai Sallah."

Ta sa aka ɗauko mata mayafinta mai ruwan toka daga akwati. Ta zauna ta miƙe baya, ta ɗora hannu biyu a gwiwa, ta tsuke baki, ta zare ido kamar mai jiran allura. Humaira ta durƙusa a gabanta, kyamara a ido, ba ta danna ba.

"Ki yi mana."

"Ina saitawa ne, Hajiya."

Mama Liatu ta gane. Ta ce, "Humaira, an taɓa gaya maka ranan da aka haifi babanka? Azumi ya riƙe hannuna ya ce, Liatu, in na tashi daga wannan, ko sunan aure aka kira zan bar garin. Wata goma sha huɗu sai ga shi ya dawo da wani cikin, yana ɓoye fuska da gyale, wai kar na gane shi."

"Ƙarya kike yi, wata goma sha takwas ne," in ji Hajiya, dariya ta ƙwace mata. Ta kai hannu za ta rufe baki, amma kafin hannun ya isa Humaira ta danna.

Ta juya kyamarar ta miƙa mata. Hajiya ta karɓa tana sauran dariya. A hankali dariyar ta tsaya. Ta kai kyamarar kusa da fuska, ta karkata ta wajen taga. Ana jin wata mata a maƙwabta tana daka.

"Liatu," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Zo ki ga Inna."

Mama Liatu ta taso ta duƙa a kafaɗarta. Ta san mahaifiyar Hajiya, Inna Bintu, don Innar ce ta yi wa Hajiya zaman jego a haihuwar fari. Inna Bintu ta rasu tun kafin a haifi Humaira, kuma ba ta bar hoto ko ɗaya ba.

"Shi ne," in ji Mama Liatu. "Har yadda yake karkata kai in zai yi dariya."

"Ga wushiryar. Ni ban san ina da fuskarta ba. Madubi ai ba dariya nake masa ba."

Hajiya ta shafa allon kyamarar da babban yatsa, hoton ya zame ya koma na buta. Ta ɗago da sauri, Humaira ta dawo mata da shi. Ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙe kyamarar a cinya har aka kira la'asar, ta yi wa mahaifiyarta addu'a, suka ce amin, Mama Liatu ma ta ce amin.

Da Nasiruddeen ya zo, Hajiya ta riga ta dawo daidai. Ta tarbe shi da tsokanar da ta saba yi masa.

"Maigidana, sai yanzu? An ce kai ka zaɓi mai dogon hancin nan."

"Ni ne, Hajiya. Ita ce ta zamani."

"To ka riƙe abarka. Ni 'yar ƙaramar ta san mutunci, ba ta haske wa mutum ido."

Ya ga hoton, ya ce ma sha Allah. Amma bai saduda ba. Ya ce a fita tsakar gida a gwada da jama'a, tunda aikin biki ba mutum ɗaya ba ne. Aka tara matan gidan su tara a gindin bango. Da sabuwar kyamarar, Humaira tana tsaye wuri ɗaya ta murɗa, kowa ya shiga. Da ƙaramar kuwa mutum shida kawai ta ɗauka. Ta ja baya, bakwai. Ta ƙara ja, ta ƙara ja, sai ji ta yi dugaduganta sun bugi bokitin jiƙon shinkafa, ruwan ya malale mata a ƙafa. Matan suka kwashe da dariya, Nasiruddeen ya fi kowa.

"Ban ce komai ba," ya ce, yana miƙa mata hannu.

A hanyar gida Humaira ta yi ta juya abin a ranta. Gaskiyarsa ce. A biki akwai lokacin da dangin ango ashirin za su cika falo su ce a ɗauke su tare, kuma babu wurin ja da baya. Ranar Lahadi ta zuba hotunan duka a kwamfuta ta yi ta kallo. Nasiruddeen kuma yana wucewa ta bayanta, yana leƙe, yana yin kamar wani abu yake nema. A wucewa ta huɗu ya tsaya, hoton Hajiya ne a allon.

"In kika ɗauki babbar, ba za ki sake samun irin wannan ba ko?"

"A ɗakinta dai, a'a."

Ya ja kujera ya zauna. "Yawancin aikinki ma a irin ɗakunan nan ne. Ni duk bidiyon da na kalla, a bakin teku suke gwadawa."

Litinin da safe ta koma Wunti ita kaɗai, ta ajiye sabuwar a kan tebur. Ta ba Malam Ja'afaru labarin bokiti, ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya tambaye ta ko ta zo da tsohuwar kyamararta. Ta fito da ita. Ya kwance gilashinta, wanda shi ma ana ɗan murɗa shi ya buɗe ya kwashi jama'a, ya goge shi da ƙyalle, ya ɗaura a jikin wadda ta zaɓa. Ya shiga daram.

"Kamfaninsu ɗaya. Gilashin nan lafiyarsa ƙalau, jikin ne ya mutu. In taro ya yi yawa ki sa shi, in an shiga ɗaki ki sa ƙaramin."

"Baba, ka san da haka tun ranar Asabar?"

"Na sani. In na faɗa a ranar, da kin zaɓa ne da maganata."

Shi ya wanke mata hoton Hajiya da kansa. Da ta kai Ƙofar Wambai, Hajiya ta ce guda ɗaya bai isa ba, a ƙaro biyu: ɗaya na Liatu, ɗaya na ƙaninta Nu'uman da ke Inkil. Su biyu suka rage a 'ya'yan Inna Bintu, kuma tana so ta kai masa da hannunta.

Asabar ta gaba Nasiruddeen ya kwashe su a mota. An yi ruwa da asuba, masara ta kai ƙugu a gonakin bakin hanya, sababbin gine-gine na tsaye a tsakaninsu ba rufi. Suka sami Malam Nu'uman a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya. Dattijo ne siriri, ya haura saba'in, amma Hajiya har yanzu yaro take ɗaukarsa. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗorawa, aka gaisa, aka sha ruwa. Sannan ta zaro hoton daga ambulan ta miƙa masa.

"Duba da kyau. Wa ka gani?"

Ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya duba.

"Yaya ce. Kin yi kyau kuwa."

"Ba ni nake tambaya ba. Wa ka gani a ciki?"

Ya sake dubawa, ya juya bayan hoton ko akwai rubutu. "Ni ke na gani."

"Inna ce, Nu'uman. Ka dubi bakin."

"Inna ai doguwar fuska gare ta. Kuma ta fi ki haske."

"Kai da kake goye a lokacin, me ka sani?"

"Goye? Da aurena da 'ya'ya biyu ta rasu, Yaya."

"To idonka ne ya lalace. Ka je a yi maka aiki irin nawa."

Suka yi ta yi. Shi ya ce Inna ba ta da wushirya, ita ta ce da me take tsartar da ruwan goro. Ya ce ai Baba ne mai cin goro. Ta ce Liatu ma ta shaida, ya ce Liatu ko cewa kika yi rana daga yamma take fitowa za ta shaida. Nasiruddeen ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Duk wannan gardamar, Malam Nu'uman bai saki hoton ba. Da Hajiya ta miƙa hannu ta ce to ya ba ta abinta tunda bai san darajarsa ba, sai ya ɗaga shi sama.

"An ba ni, an ba ni. Hancin dai, in an duba, akwai ɗan kama."

Ya juya ga Humaira, ya nuna jakar da ke kafaɗarta da haɓa.

"Da ita kika zo?"

"Da ita na zo, Kaka."

"To ki jira ni. Ba a wannan rigar ba."

Ya tashi ya shiga gida yana kiran matarsa ta fito masa da babbar riga da hula zanna. Hajiya ta gyara zama a tabarmar, ta matsa gefe ta bar masa wuri, ta ce wa Humaira ta duba mata ko mayafin ya zauna daidai.